Daga Jakar Wasiƙunku: Shin Da Gaske Mutanen Japan Na Karɓar Baƙo Da Ɗinkakken Kwano?

  Ina gaida manoma da ke fama da aikin kaka, masu girbi da masu sussuka. Ina kuma gaida 'yan kasuwa da suka jingine rediyo a gefen rumfa, kunne ɗaya yana wajenmu, ɗaya yana wajen ciniki. Allah ya ba da sa'a, ya sa a gama lafiya.

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin na tabbata abin da ya dami mai ita yana damun mutane da yawa, sai dai ba kowa ke iya faɗa ba. Ta fito ne daga wani manomi, wanda kuma yake taɓa sayar da hatsi ranar kasuwa. Ya roƙi a sakaya sunansa da na garinsu, mun kuwa sakaya. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Malam, ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana aiki a birni, shekara 4 ke nan rabonsa da gida. Sau biyu yana aiko cewa zai zo da iyalinsa su kwana biyu, sau biyu ina kawo dalili ina ɗagawa. Gaskiyar magana kuwa kunya nake ji. Bangon zaurena ya tsage tun damunar bara. Ba mu da kujeru sai tabarmi. Kwanukan uwargida fentinsu duk ya ɓare. Yanzu ya ce lalle zai zo bayan girbi. Ina tunanin in sayar da masara buhu 3 in sayi kujeru da siminti, ita kuma uwargida ta ce za ta aro kwanuka a maƙwabta. Sai yarona da ke makarantar sakandare ya ce wai ya karanta cewa mutanen Japan, duk da arzikinsu, da ɗinkakken kwano suke karɓar babban baƙo. Shin gaskiya ne, ko kuwa yaro ne ke son ya kwantar mini da hankali? In gaskiya ne, mece ce hikimarsu? Kuma wace shawara za ka ba ni?"

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya bar zumunci. Yaronka bai yi maka ƙarya ba, sai dai maganar tana buƙatar a warware ta. Ba kowane gida ba ne a Japan ake fito wa baƙo da fasasshen kwano. Yawancinsu farantan kanti suke amfani da su kamar kowa. Amma suna da wata tsohuwar al'ada ta karɓar baƙo da shan shayi, wadda ta haura shekara 400, kuma a cikinta ne wannan magana take. Bari in ba ka labarin tun daga tushe, sa'an nan mu dawo zaurenka.

Japan dai tsibirai ne a can gabashin duniya, gaba da ƙasar Sin da Koriya. Ko wanda bai san ta a taswira ba ya san ta a kan hanya, domin can ne asalin Honda da Yamaha da Suzuki da Toyota. Shayi kuwa daga Sin ya shigo musu. A shekarar 1191 wani malamin addinin Buda mai suna Eisai ya komo daga Sin da irin shayi da kuma yadda ake sarrafa shi. Nasu ba irin namu ba ne mai madara da sukari. Koren ganye ne ake niƙawa ya zama gari, a zuba a kwano, a zuba ruwan zafi, a burga shi da ɗan maburgi na gora, a miƙa wa baƙo.

Da tafiya ta yi tafiya, sai shan shayi ya zama abin gasa tsakanin sarakuna da attajirai. Kowa so yake a ce kwanonsa daga Sin aka kawo shi, sumul, ba tabo ba karce. Mutum zai tara baƙi domin su ga kayansa su yi ta mamaki. Ka ga ke nan wannan ciwo na a-gani-a-yaba ba yau ya fara ba, ba kuma a garinku ya fara ba.

Wanda ya fara karkata akalar abin shi ne wani mutum mai suna Murata Juko, wanda ya rasu a 1502. Shi ne ya soma haɗa kwanukan Sin masu tsada da tukwane da kwanukan yumɓu na gida, masu kaushi, a shimfiɗa ɗaya. An ce ya fi son ganin farin wata da gajimare ya ɗan rufe a kan wanda ya fito tas babu komai a gabansa. Amma wanda ya kai abin ƙarshe, wanda har gobe sunansa ake kira, shi ne Sen no Rikiyu. 'Yan kasuwa, ku matso da kunne, domin naku ne. An haife shi a 1522 a Sakai, wani garin fatake da ke bakin teku kusa da Osaka. Gidansu gidan masu rumbunan ajiyar kaya ne da cinikin kifi.

Rikiyu ya shahara har ya zama mai shirya shayi ga Toyotomi Hideyoshi, mutumin da mulkin ƙasar ya koma hannunsa a wancan zamani. Shi Hideyoshi ɗan talakawa ne, da ƙarfin yaƙi da wayo ya hau, kuma yana son a san ya hau. Ya sa aka yi masa ɗakin shan shayi na zinariya, bango da ginshiƙai da kayan sha duk zinariya, ana kwance shi a ɗauka a kai wani wuri a sake haɗawa. A 1586 har fadar Sarkin Japan ya kai shi.

To, shi kuma Rikiyu wane irin ɗaki ya fi so? Akwai guda da ake danganta gininsa gare shi, ana kiransa Tai-an, yana nan har yanzu a wani wuri da ake kira Yamazaki kusa da birnin Kiyoto. An gina shi wajen 1582. Girmansa shimfiɗar tabarma biyu ce irin tasu, wato kamar mita 2 a tsawo, mita 2 a faɗi. Bangon na ƙasa ne da aka cuɗa da ciyawa, ga tsinkayen ciyawar nan a fili ba a ɓoye su ba, kamar dai ramno a jikin ginin ƙasa namu. Ƙofar da baƙo ke shiga ba ta kai mita 1 ba a tsawo ko a faɗi, dole sai mutum ya durƙusa ya rarrafa. A al'adar irin waɗannan ɗakuna, jarumi a waje yake rataye takobinsa. In an shiga, da mai sarauta da ɗan kasuwa duk gwiwa ɗaya suke zaune. Yau ɗakin zinariyar nan na asali babu shi, sai kwaikwayonsa da aka yi daga baya. Ɗakin ƙasar kuwa gwamnatin Japan ta sa shi cikin manyan kayan tarihin ƙasa da doka ke karewa.

Kwano ma haka. Rikiyu ya sami wani magini mai suna Chojiro, wanda sana'arsa yin fale-falen yumɓu na rufin ɗaki, ya sa shi yin kwanukan shayi da hannu zalla, ba a ɗora su a kan faifan juya yumɓu ba. Sai su fito baƙaƙe ko jajaye, bakinsu bai daidaita ba, wani gefen ya fi wani kauri. Ana kiransu Raku, kuma zuriyar gidan suna nan a Kiyoto suna wannan sana'a, magaji na 16 ya karɓi gidan a 2019. Ya kuma yanki gora da kansa ya yi abin saka fure. Guda daga ciki, wanda ya yi a 1590, yana da tsaga a jikinsa, yana nan ajiye a babban gidan tarihi na Tokiyo.

Wannan ra'ayi shi suke kira wabi, wani lokaci a haɗa a ce wabi-sabi. Kada ku ji wabi ku ɗauka irin namu ne na matar da 'ya'yanta ba sa tsayawa, Allah ya kiyaye, kamar suna ce kawai. A harshensu wabi na nufin wadatar zuci da ɗan abin da ke hannu, da ganin kyau a cikin abu mai sauƙi wanda bai cika ba. Sabi kuwa shi ne kyan da abu ke yi in ya tsufa ya sha hannu, kamar ƙotar fartanya da tafin hannu ya goge ta har tana sheƙi. Tushen maganar shi ne, ba abin da ke dawwama, ba kuma abin da ya cika goma. Tun da haka ne, mai jiran sai komai ya cika kafin ya buɗe ƙofarsa, ƙofar tasa a rufe za ta tsufa.

Yanzu ga batun ɗinkakken kwano da yaronka ya faɗa. Suna kiran wannan sana'a kintsugi. In kwano ya fashe, sai a tattara gutsattsarin, a manne su da danƙon wata bishiya mai suna urushi, a bar shi makonni ya bushe ya yi ƙarfi, sa'an nan a barbaɗa garin zinariya a kan layin ɗinkin. Maimakon a ɓoye inda ya fashe, sai a bar shi a fili kowa ya gani. Ka lura, Malam, danƙon ne ke riƙe kwanon, zinariyar shaida ce kawai cewa mai shi bai ji kunyar gyaran ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Gyartai yakan ɗinke fasasshiyar ƙwarya ta koma aiki, kuma tsofaffi mata sun san ƙwaryar da ta sha ɗinki ita ce wadda aka fi so, shi ya sa ba a yar da ita ba.

Akwai ma wani kwano da ya fi wannan ban mamaki. Ana kiransa Kizaemon, a Koriya aka yi shi a ƙarni na 16, yana ajiye a wani gidan ibada da ke cikin Daitoku-ji a Kiyoto, kuma shi ma yana cikin manyan kayan tarihin ƙasa. Wani masani mai suna Yanagi Soetsu ya je ya gan shi a 1931. Abin da ya bayyana shi ne, kwano ne irin na talakawa na cin shinkafa, bai daidaita ba, wanda ya yi shi bai yi tunanin kowa zai dube shi sau biyu ba. Shi ne yau ake naɗewa a cikin akwati bayan akwati.

To, amma a nan sai mu yi hattara, kada wani ya ji wannan ya ce shi ke nan, an ba ragwaye fatawa. Sam ba haka ba ne. Wannan al'ada tana tsaye ne a kan abu huɗu: jituwa, da girmamawa, da tsabta, da natsuwa. Kwanon yana iya zama karkatacce, amma a wanke yake tas. Bangon na ƙasa ne, amma ba yanar gizo-gizo a jikinsa. Mai gida yakan share hanyar shiga ya yayyafa mata ruwa tun kafin baƙo ya iso. Akwai wani labari da ya zo a littafin da Okakura Kakuzo ya rubuta a kan shayi a 1906. Wai Rikiyu ya sa ɗansa sharar lambu. Yaro ya share, ya sake sharewa, har ba ko tsinke ɗaya a ƙasa. Uban ya zo ya duba, sai ya kama wata bishiya ya girgiza, 'yan ganye suka zubo nan da can. Ka ga sai da aka yi sharar tukuna. Ganyen da ya faɗo bayan shara daban, juji daban.

Ana kuma danganta wa Rikiyu waɗansu ƙa'idoji 7, waɗanda in ka ji su za ka ce ai kowa ma ya san wannan. Ma'anarsu ita ce a haɗa shayin ya yi daɗin sha, a jera gawayi yadda ruwa zai tafasa, a saka fure kamar yadda yake a daji, a sanyaya wa baƙo lokacin zafi a ɗumama masa lokacin sanyi, a shirya kafin lokaci, a tanadi abin ruwa ko da ba hadari, a kuma kula da waɗanda ake zaune tare da su. An ce wani almajirinsa ya ce ai duk ya san waɗannan, shi kuwa ya amsa masa cewa in har zai iya cika su, to shi zai koma almajirinsa. Duba da kyau, Malam, a cikin bakwai ɗin nan babu guda da ta ce a sayo sabon abu. Dukkansu kulawa ce, ita kuwa kulawa ba a sayar da ita a kasuwa.

Ga wani labarin da ya fi kusa da batun aron kwanuka. Yana cikin labaran da aka tattara game da Rikiyu wajen shekara 100 bayan mutuwarsa. Wai wata rana yana kan hanya daga Osaka zuwa Kiyoto, sai ya biya da dare gidan wani mai son shayi, ba mai hali ba. Mai gida ya yi murna, ya ɗauki fitila da sanda ya fita tsakar gida, ya kaɗo wani irin lemo mai tsami daga bishiyarsa, ya haɗa da daddawarsu ta waken soya, ya kawo wa baƙo. Rikiyu ya ji daɗi ƙwarai, domin abin da ke gidan aka ba shi. Can sai ga mai gida ya fito da wani abinci na niƙaƙƙen kifi, mai tsada a wancan zamani, irin wanda sai an aika birni. Nan take Rikiyu ya gane ashe an tsegunta wa mutumin zuwansa, ya shirya tun tuni, fita da fitilar nan duk wasan kwaikwayo ne. Sai ya ce yana da uzuri, ya tashi ya kama hanya. Abin da ya kore shi shi ne riya. Baƙo yakan yafe ƙarancin abinci, amma in ya gane ana yi masa wasa da hankali, daɗin zaman ya tafi.

Shi kansa Hideyoshi mai ɗakin zinariya, a 1587 ya kira wani gagarumin taron shan shayi a Kitano cikin Kiyoto. Sanarwar ta ce duk mai son abin ya zo, ko bawan sarki ne, ko ɗan kasuwa, ko manomi. Ya zo da tukunyar dafa ruwa guda, da guga guda, da kwano guda. Wanda ba shi da ganyen shayi ya zo da garin soyayyen hatsi, ya wadatar. An shirya kwana 10, a kwana ɗaya aka tashi, amma sanarwar ta nuna inda ra'ayin mutane ya kai a lokacin.

Kada in ɓoye muku sauran labarin. Zaman Rikiyu da Hideyoshi bai ƙare lafiya ba. A 1591 mai mulkin ya fusata da shi, ya umarce shi da ya kashe kansa, kamar yadda hukuncin manya yake a ƙasar a wancan zamani. Amma koyarwarsa ba ta mutu ba, gidaje uku na zuriyarsa suna nan a Kiyoto suna koyar da ita har yau. Wani abin kuma, waɗannan kwanuka masu kama da na talakawa sun koma sai mai kuɗi ke iya sayensu. Wato ɗan Adam ko sauƙin kai aka koya masa, sai ya nemi yadda zai yi taƙama da shi. Saboda haka ba cewa nake ka je ka fasa kwano don ka yi kama da mutanen Japan ba. Abin ɗauka a wajensu shi ne, baƙo wajen mutum yake zuwa, kaya kuwa 'yan rakiya ne. Mu ma kakanninmu sun riga sun faɗa, shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.

To, Malam, mu dawo zaurenka. Ka nemi shawara, ga ta.

Da farko, kada ka taɓa masarar nan. Kai ɗan kasuwar hatsi ne, ka fi ni sanin cewa da kaka hatsi ya fi araha, da damina kuma ya fi tsada. In ka sayar da buhu 3 yanzu, wataƙila kai ne za ka koma kana awo da tiya a watan da rumbu ya yi ƙasa, ga kujeru a zaure ba a dafa su. Wanka zai kwana biyu ya tafi, iyalinka kuwa suna nan shekara guda. Kuma na tabbata in ya ji cewa saboda shi 'ya'yan ƙaninsa suka kwana da yunwa, ba zai gode maka ba. In Allah ya hore nan gaba, ka sayi kujerunka, ba laifi ba ne. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na biyu, tsagar bangon nan ka dube ta da idon magini. In bangon ya karkata ko tsagar tana ƙara buɗewa, wannan maganar tsaron rai ce, ko da baƙo ko ba baƙo sai an gyara. In kuwa tsaga ce kawai, ka kwaɓa ƙasa kai da yaran ku cike ta ku yaɓe. Wurin zai fito da launi daban, kowa zai ga an yi gyara. To, sai me? Shi ne naka ɗinkin kwanon. Gidan da aka ga alamar gyara, an san da mai kula a cikinsa.

Na uku, ƙarfinku ya tafi wajen tsabta da jin daɗin baƙo. A share gida ciki da waje. A wanke tabarmi a shanya. A gyara bayan gida da wurin wanka, a rufe bakin masai, domin nan ne mutumin birni da matarsa suka fi jin takura, ba wajen kujera ba. A wanke randa a zuba ruwa mai kyau a rufe, in ana shakkar ruwan a tafasa na sha saboda yaran da ba su saba da shi ba. A ɗaura gidan sauro. Tun da sanyi na shigowa bayan girbi, a tanadi abin rufa da ruwan ɗumi da safe. Ka ga ƙa'idojin Rikiyu ke nan, da harshenmu.

Na huɗu, wannan saƙo ne ga uwargida, a gaishe ta. Uwargida, ki bar kwanukan maƙwabta a ɗakin maƙwabta. Kayan aro ba ya rufe katara. In ya fashe a hannun yaran baƙi, ga biya ga ɓacin rai, kuma duk zaman hankalinki yana kan kwano maimakon ya kasance kan baƙuwarki. Ki zaɓi naki masu dama ki wanke su tas. Wanda ya yi tsatsa a ciki ki ware shi don wani aikin, kada a ci abinci a ciki. In akwai akushi da ƙwarya da ludayi, ki fito da su gaba gaɗi. Abinci kuma na gida: tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, fura da nono, ɗumame da safe, in akwai zakara a tsakar gida a kama guda. Mutumin da ya shekara 4 a birni ba shinkafa da taliya yake marmari ba. Tuwon da ya tashi da shi yake nema.

Na biyar, kada ku cika shi da ban haƙuri. Ka san irin ta mu, baƙo bai gama zama ba an fara, a yi haƙuri da gidan, a yi haƙuri da abincin, a yi haƙuri da tabarmar. Sau ɗaya ladabi ne. In ya yi yawa, kai ne kake nuna masa aibin da bai gani ba, kana kuma ɗora masa aikin lallashinka. Ka zauna da shi. Ku zaga gona. Ka nuna wa 'ya'yansa rumbu da turken awaki da bishiyar da ubansu ya hau yana yaro. Wannan ba a samunsa a kanti.

Mutanen shayin nan na Japan suna da wata magana, ichigo ichie, ma'anarta kowace haɗuwa sau ɗaya take zuwa a rayuwa, ko da mutanen sun sake zama tare, ba za ta zama irin ta farko ba. Mu kuma muka ce baƙo raɓa ne. Sau biyu ka ɗaga zuwan ɗan'uwanka, Malam. Ka yi tunanin abin da yake rayawa a zuciyarsa. Ba zai ce bango ne ya tsage ba, domin bai san da tsagar ba. Cewa zai yi ƙanina ba ya son ganina, ko kuwa akwai abin da na yi masa. Tsagar bango da kwaɓin ƙasa ake cike ta cikin yini ɗaya. Ta zumunci in ta buɗe, wani lokaci sai a wajen zaman makoki ake haɗuwa, kowa na cewa da na sani. Kuma kada ka manta, a cikin gidan nan aka haife shi. Ya san tabarmar, ya san ƙwaryar. Ba baƙon bango ba ne.

Kafin in rufe, ina da 'yar magana ga su mutanen birni da ke jin mu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A al'adar shayin nan baƙo ma yana da nasa aiki. Yakan karɓi kwano da hannu biyu, ya sha, ya dube shi da kyau, ya tambayi labarinsa, ya yi godiya. Ku ma in kun je gida, ku zauna inda aka shimfiɗa muku, ku ci abin da aka kawo, ku yaba. Ku ja wa yaranku kunne tun a mota, kada su je suna yatsina fuska. Kada kuma ku sauka da gayya ba sanarwa a watan da kuka san rumbu ya yi ƙasa, in kuwa dole ne, to ku riƙo wani abu a hannu.

Saboda haka, Malam, yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka kira wanka ko ka aika masa, ka ce ya sa rana, kuna jiransa. Zumunta a ƙafa take. Yaron nan naka kuma ka sa masa albarka, ka ce ya ci gaba da karatu. In baƙin sun zo sun tafi, ka sake rubuto mana mu ji yadda aka yi, domin sauran masu sauraro su ƙaru.

Jama'a, a nan za mu dasa aya. Masu tambaya a kan noma, ko kasuwa, ko zaman iyali, ko al'adun waɗansu ƙasashe, ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, za mu amsa gwargwadon iko. Sai mako mai zuwa war haka in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.